Marin iska a kan babur: ƙarin tsayin gilashi ne magani?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da babur na doguwar tafiya mai injin 650, da gilashin tare iska a gabansa. Da zarar na wuce gudun kilomita 80 a awa, sai kaina ya fara kaɗawa kamar ana marin hular kwanona ta hagu da dama, kunnuwana su cika da rugugi, har rubutun allunan gefen hanya ya riƙa yi mini rawa a ido. Na cire gilashin da ya zo da babur ɗin na sa wanda ya fi shi tsayi da santimita 10, sai abin ya ƙara muni. Tsayina santimita 178 ne. In sayo wanda ya fi wannan tsayi ne, ko in haƙura in cire gilashin gaba ɗaya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka dakata da sayen gilashi na uku tukuna, domin mai yiwuwa maganin damuwarka yana cikin biyun da ke hannunka, da sifana ɗaya, da haƙurin yini guda. Na daɗe ina ɗaura wa babura gilashi ina kwancewa, nawa da na mutane, kuma ƙorafin da ka kawo shi ne wanda ya fi zuwa kunnena: an ƙara tsayi, abu ya ƙara dagulewa. Ba iskoki ne suka shiga babur ɗinka ba. Iska ɗaya ce tak, kuma tana da ƙa'idar da take bi.

Idan na fahimce ka da kyau, ba ƙarfin iskar ne ya dame ka ba, yanayin zuwanta ne. Abu biyu iska ke yi wa mai babur, kuma mutane kan haɗa su wuri ɗaya. Akwai turi, akwai mari. Wanda ke kan babur marar gilashi turi yake sha: iska ta danne masa ƙirji, hannuwa su gaji da riƙon kan babur, wuya ya sage. Turin nan ba ƙarami ba ne. A gudun kilomita 100 a awa, iska tana danna duk abin da ya tare ta da nauyin da ya kusa kilo 47 a kan kowace murabba'in mita. Kuma ba a hankali yake ƙaruwa ba, domin idan ka ninka gudu sau biyu, turin sau huɗu yake ninkuwa. Daga 80 zuwa 120 kaɗai ya ninka fiye da sau biyu. Amma duk da nauyinsa, turi miƙaƙƙe ne. Yadda ya zo haka yake zama, jiki ya jingina da shi, kai ya tsaya cak, ido ya ga hanya garau.

Mari kuwa daban ne. Bai kai turi nauyi ba, sai dai ba ya zuwa ta gefe ɗaya kuma ba ya zuwa da ƙarfi ɗaya. Yanzu ya bugo ta dama, kafin wuya ya shirya ya bugo ta hagu, sau da yawa a cikin sakan guda. Shi ne ke sa rubutu rawa a ido, shi ne ke sa mutum ya sauka daga tafiyar awa biyu da ciwon kai. Abin takaicin shi ne, galibi gilashin da aka sa don ya kawar da turin shi ne ke haifar da marin.

Inda marin yake fitowa

Ka tsaya a bakin rafi ka dubi dutsen da ya fito saman ruwa. A gabansa ruwa yana tahowa sumul, ya rabu biyu ya wuce. A bayansa kuwa ruwan murɗawa yake yi, yana juyi, har idan ganye ya faɗa wurin sai ka ga yana komawa baya yana zagaye, ya rasa inda zai nufa. Gilashin babur shi ne dutsen, iska ce ruwan, kanka kuma shi ne ganyen nan.

Iskar da ta hau jikin gilashi tana tafiya lafiya har ta kai leɓensa na sama. Daga nan sai ta rasa abin da za ta manne wa, ta tsinke, ta farfashe ta zama 'yan ƙananan guguwa masu bin juna. Masana sun daɗe da sanin wannan. Tun a 1878 wani masani ɗan ƙasar Cek mai suna Vincenc Strouhal ya yi nazarin dalilin da ya sa wayar ƙarfe ke kuka idan iska ta ratsa ta, kuma a 1911 wani masanin, Theodore von Kármán, ya yi bayanin yadda guguwoyin nan ke fita layi-layi a bayan abin da ya tare iska, ɗaya ta wannan gefe, ɗaya ta wancan. Daga aikinsu aka samo wani lissafi mai sauƙi: ka raba gudun iska da faɗin abin da ya tare ta, ka ɗauki kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya fito, shi ne kimanin yawan guguwar da ke fita a sakan ɗaya. Gudun kilomita 100 a awa ya kama mita 28 a sakan. Idan faɗin gilashinka santimita 40 ne, lissafin zai ba ka kimanin 14. Lissafi ne na kusa-kusa, domin gilashi ba sanda ba ne, amma ya isa ya nuna maka me wuyanka ke fama da shi: mari goma sha wani abu a kowane sakan.

Wannan rabin labarin ke nan, kuma shi ne rabin da kowa ya sani. Ɗaya rabin yana bayan gilashin. Tunda gilashi ya ture iska gefe, wurin da ke tsakaninsa da ƙirjinka ya zama kamar rami, matsin iska a cikinsa bai kai na kewaye ba. Iska kuwa ba ta barin gurbi. Sai ta riƙa kwararowa cikin ramin nan ta duk inda ta samu ƙofa: ta gefen gilashi, ta bayan madubai, ta ƙasa tsakanin ƙafafun gaba (ƙarafan nan biyu da ke riƙe da tayar gaba) da tanki, har ma ta bayanka. Idan ka taɓa jin kamar ana tura ka gaba daga baya alhali kana gudu, ko ka ga rigarka tana kumbura ta ƙeya, aikin ramin nan ne. Shi ne kuma ke janyo guguwoyin da suka bar leɓen gilashi ya sauko da su ƙasa, maimakon su wuce ta saman kanka.

Saboda haka iskar da ke gabanka hawa uku ce. A ƙasa akwai lungun da gilashi ya tsare. A can sama akwai miƙaƙƙiyar iskar da gilashi bai taɓa ba. A tsakaninsu akwai ɗamarar hargitsi, wadda ke farawa siririya daga leɓen gilashi, tana ƙara faɗi gwargwadon nisan da ta yi da shi. Kai na iya zama lafiya a hawa na ƙasa, yana iya zama lafiya a na sama. A tsakiya ne ba a zama.

Yanzu ka ga abin da ya same ka. Gilashin farko ya ajiye ɗamarar nan a wajen haɓarka ko kafaɗunka, tana taɓa hular kwano ta ƙasa-ƙasa. Ka ƙara santimita 10, ka ɗaga ta ka ɗora ta daidai tsakiyar hular. Bugu da ƙari, gilashi mafi girma rami mafi girma yake haƙawa a bayansa. Ga kuma wani abu game da irin babur ɗinka: baburan doguwar tafiya masu zama a miƙe suna ajiye gilashi nesa da fuskar mai tuƙi, saboda haka kafin hargitsin ya iso gare ka ya riga ya baje.

Ka nemo ɓarawon kafin ka kwance noti

Babban kuskuren da nake gani shi ne mutum ya fara sauye-sauye bai san ta ina marin ke shigowa ba. Ka samu miƙaƙƙiyar hanya mai kyau, wadda ba cunkoso, a ranar da ba a iska sosai. Ka kai gudun da abin ke farawa, kada ka wuce shi. Daga nan ka miƙe zaune sosai, ka ɗan ɗaga jikinka daga sirdi kamar santimita 10. Sannan ka koma ka ɗan duƙa kamar haka. Ka lura a wanne ne hular ta yi shiru. Idan da ka ɗago ne komai ya lafa, to gajeren gilashi ne zai fi maka, domin miƙaƙƙiyar iska tana dab da kanka. Idan da ka ɗan duƙa ne, to kaɗan ya rage ka shiga lungu, kuma ana iya ɗaga ɗamarar ba tare da sabon gilashi ba.

Bayan haka sai gwajin hannu. Ka saki hannun hagu kaɗai, na ɗan lokaci, ka buɗe tafin ka riƙa kai shi wurare: saman leɓen gilashi, gefensa, bayan madubi, saman tanki kusa da wuyan babur, ƙasan haɓarka. Hannu yana jin bambancin iska mai santsi da mai bugu nan take. Abin da kake nema shi ne wurin da idan ka tare da hannu, rugugin cikin hula zai ragu. Idan ka san babur ɗinka yana rawar kai da an saki hannu ɗaya, ka bar wannan gwajin, ka fara gyara wancan matsalar, don ta fi wannan haɗari.

Wani bawan Allah ya taɓa kawo mini babur ɗinsa da gilasai uku a cikin buhu, duk ya gwada, duk ba su yi ba. Na hau na yi 'yar tafiya da shi. Da na ɗora hannuna a kwance a kan tanki, daidai inda kan babur ke juyawa, sai rugugin ya ɗauke kamar an kashe rediyo. Na janye hannu, ya dawo. Iskar ba ta sama take zuwa ba sam, ta ƙasa take hawowa, ta bi ƙafafun gaba, ta shigo ƙarƙashin haɓar hula. Muka yanko kwali biyu kamar tafin hannu muka manna da salatif a gefen tanki, ya hau ya dawo yana dariya. Gilashin da ya zo da babur ɗin daga kamfani shi muka mayar.

Akwai kuma dabarar zare, wadda masu ƙera jiragen sama ma suna amfani da irinta. Ka yanka zaren ulu gutsi-gutsi, kowane kamar santimita 8, ka manna su da salatif a bayan gilashi, a leɓensa, a kan tanki, a hannun rigarka. Wanda ya kwanta ya miƙe baya, iskar wurin lafiya take. Wanda ke karkarwa yana juyi, hargitsi ne. Wanda ya nuna gaba, wajen gilashi, yana gaya maka ramin nan yana zuƙo iska daga baya. Kada ka zuba wa zare ido ka manta da hanya; ka ɗaura waya ta ɗauki bidiyo, ka kalla bayan ka tsaya.

Gwaji biyu suka rage, kuma kyauta ne. Ka kwance gilashin gaba ɗaya ka yi tafiyar kilomita kaɗan, don ka san yadda hularka take a miƙaƙƙiyar iska. Idan ba gilashi ma tana kaɗawa, laifin na hula ne. Sannan a wurin da babu ababen hawa, ka naɗe madubai ko ka juya su ciki na ɗan gajeren gwaji. Manyan madubai masu kusurwa suna jefo nasu guguwoyin daidai kunne, kuma sau da yawa gilashi ake zagi alhali su ne masu laifin.

Tsayi, kwanciya, da ƙofar ƙasa

Tsohuwar ƙa'idar tsayi ita ce: ka zauna yadda ka saba zama a doguwar tafiya, ba zaman ɗaukar hoto ba, babur yana tsaye a kan tayoyinsa da nauyinka a kai, sai leɓen gilashi ya zo daidai tsinin hancinka ko ƙasa kaɗan. Ta saman gilashi ake kallon hanya, ba ta cikinsa ba. Ya kamata ka iya ganin kwalta ta samansa daga kimanin mita 15 a gabanka. Dalilin ba na iska ba ne kawai. Ranar da ruwan sama ya sauko, ko ƙura da ƙwari suka rufe gilashin, ko fitilar mota ta haske shi da dare, wanda ke kallo ta ciki ya zama makaho, kuma babur ba shi da abin share gilashi. Shi ya sa ba na ba kowa shawarar ya yi ta ƙara tsayi har gilashi ya wuce kansa.

Tsayinka na santimita 178 bai gaya mini komai sosai ba, kada ka ji haushi. Abin da ke aiki shi ne tsayinka a zaune. Mutum biyu masu tsayi ɗaya, ɗaya doguwar ƙafa, ɗaya dogon gangar jiki, kansu zai iya bambanta da santimita da yawa a kan sirdi ɗaya. Wannan ne ya sa gilashin da abokinka ke yabo kai zai iya zame maka azaba.

Sai kwanciya, wadda a ganina ta fi tsayi tasiri, kuma ita aka fi mantawa. Gilashin da ya tsaya ƙiƙam kamar bango yana fasa iska da ƙarfi, ya bar babban rami a baya. Wanda ya kwanta da yawa kuma sai ya zama gangara, ya ɗauko iskar ya zuba maka a fuska. Ni nakan fara daga wajen digiri 60 idan aka auna daga shimfiɗar ƙasa, wato kusan kwanciyar ƙafafun gaba na babur, sannan in riƙa matsawa kaɗan-kaɗan. Manhajar auna kusurwa da ke cikin waya ta isa wannan aiki. Idan mariƙin gilashinka ba ya juyawa, washa ce za ta yi maka: ka ƙara washa a ƙarƙashin notukan ƙasa, saman gilashin zai kwanto wajenka; ka ƙara a na sama, zai miƙe. Digiri biyu ko uku kan sauya labari gaba ɗaya.

Abu na uku shi ne wanda nake so ka fi riƙewa, domin ya saɓa wa abin da hankali ke fara kawowa. Maganin ramin da ke bayan gilashi shi ne ka bar iska ta shiga cikinsa da gangan. Idan aka ɗaga gilashin daga jikin babur, aka bar ƙofa ta santimita ɗaya zuwa uku a ƙasansa, wata iskar za ta shiga ta nan, ta hau ta bayan gilashin, ta cike gurbin. Idan ta kai sama sai ta haɗu da wadda ta biyo gaba, su tafi tare. Tunda bambancin da ke tsakanin gaba da baya ya ragu, guguwoyin sai su yi laushi, kuma ba abin da ke janyo su ƙasa. Za ka ɗan ji iska a ƙirji fiye da da, amma mai sanyi ce marar bugu. Masu ƙera babura sun san wannan sarai. Ka dubi gilashin Honda Gold Wing na shekaru da dama, za ka ga taga a tsakiyarsa wadda ake buɗewa a rufe. Ka dubi baburan doguwar tafiya na yanzu, da wuya ka ga wanda gilashinsa ya manne da jiki ba rata. Tun da BMW ta fitar da R 100 RS a 1976, babur ɗin da aka gwada rigarsa mai tare iska a ɗakin gwajin iska na kamfanin Pininfarina a Italiya, kamfanoni suka daina ɗaukar wannan fanni da wasa. Sai dai duk gwajin da za su yi, da mutum mai matsakaicin jiki suke yi, ba da kai ba.

Hanya mafi sauƙi ta buɗe ƙofar ita ce dogayen notuka da 'yan guntayen bututun roba ko na alminiyam a tsakanin gilashi da mariƙinsa. Akwai kuma mariƙai na musamman, irin na kamfanin Madstad na Amurka, da ke ba ka damar ɗagawa, saukewa da kwantarwa yadda ka so.

Idan gwajinka ya nuna cewa da ka ɗan duƙa komai ke lafawa, to ƙaramin fiffiken da ake maƙalawa a saman gilashi zai iya gama maka aiki. MRA ta Jamus, Puig ta Sifaniya da Givi ta Italiya duk suna yin irinsa ko gilashi mai hawa biyu. Amfaninsa ba ƙarin tsayi ba ne kawai. Ratar da ke tsakaninsa da gilashi tana matse iska ta harba ta sama a miƙe, sai ɗamarar hargitsin ta ɗaga ta kuma sirance. Na fi son in ga mutum ya sa fiffike a kan gajeren gilashi da ya sa dogon gilashi shi kaɗai. Ga iskar da ke hawowa ta ƙasa kuwa, ƙananan fukafukai a gefen tanki ko a jikin ƙafafun gaba, ko ma jakar da ake ɗorawa a kan tanki, sukan toshe mata hanya.

Duk wanda za ka gwada, abu ɗaya za ka sauya a lokaci ɗaya. Hanya ɗaya, gudu ɗaya, hula ɗaya, kuma ka je ka dawo, domin iskar gari tana iya kasancewa a bayanka a tafiya, a gabanka a dawowa. Ka rubuta abin da ka ji. Wanda ya sauya tsayi da kwanciya da madubi a tashi ɗaya, ko ya dace bai san me ya yi aiki ba.

Idan ta kai ga yanka

Wani lokaci amsar ita ce gajarta, har iskar ta sauka a ƙirji, kai ya fita sama cikin miƙaƙƙiya. Mutane da yawa da suka sha wahala da dogayen gilasai a nan suka samu sauƙi. Kafin ka sa zarto, ka san da me aka yi gilashin, don sunan gilashi kawai yake ɗauka, roba ce. Nau'in robar da ake kira akirilik ya fi haske kuma ana iya goge masa ƙarzuwa, amma yana da saurin tsagewa. Wanda ake kira folikabonet kuwa ya fi shi juriyar bugu nesa ba kusa ba, sai dai yana saurin ƙarzuwa idan ba a yi masa rufi mai tauri ba. Ka rufe wurin yankan da salatif na takarda gaba da baya, ka zana layi, ka yi amfani da zarto mai ƙananan haƙora, a hankali, don zafi na narkar da robar. Ka rage santimita biyu ka gwada, domin abin da aka yanke ba ya komawa. Sannan ka goge bakin da samfefa har ya yi santsi, kada ka bar kaifi a gaban wuyanka.

Ni kaina na taɓa asarar sabon gilashi ta hanyar da har yau nake jin kunyarta. Na gama saiti, komai ya yi daidai, sai na ce bari in ɗiga wa notukan ruwan gam ɗin nan da ake sa wa noti don kada ya kwance. Da safe na tarar da tsaga kamar saƙar gizo-gizo ta fito daga kowane rami. Irin wannan gam yana cin roba. Washar roba ake sawa, a ɗaure daidai wa daida, ba a matse har gilashi ya yi ƙara ba. Haka nan fetur da ruwan goge gilashin taga mai amoniya suna dusar da shi. Jiƙaƙƙen tsumma mai laushi za ka shimfiɗa a kai na 'yan mintuna, datti ya jiƙa, ka share.

Bayan kowane sauyi, ka juya kan babur har ƙarshe hagu da dama kana tsaye, ka tabbata gilashi bai taɓa madubi, garkuwar hannu ko hannun birki ba. Ka kuma duba inda aka ɗaure shi. Gilashin da ke jikin gangar babur ba ya shafar tuƙi sosai. Wanda aka ɗaure a kan babur ko a ƙafafun gaba kuwa, duk iskar da ta buge shi hannunka take bugu, kuma idan ya yi girma yana iya sa babur lilo a babban gudu ko a iskar gefe.

Abin da gilashi ba zai yi maka ba

Hular kwano tana da nata kason. Wadda ta yi maka yawa za ta yi rawa ko a wace iska. Mai baki a goshi irin na hana-sallah, wadda ake yi don hanyar daji, tana kama iska kamar tafin hannu. Yawancinsu ana iya kwance bakin, ka gwada ba shi. Ɗan ƙyallen da ake maƙalawa a ƙarƙashin haɓar hula yana rage rugugi sosai. Fasinja a baya ko akwatin kaya suna sauya yadda iska ke rufewa a bayanka, saboda haka saitin da ya yi maka kai kaɗai zai iya sauyawa idan an ɗauki mutum.

Maganar kunne kuma kada ka ɗauke ta da wasa. Awon da aka yi a cikin hulunan kwano ya nuna ƙarar iska tana kaiwa wajen desibel 90 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) tun a gudun kilomita 60, kuma a gudun babbar hanya tana kaiwa 100 ko ta wuce. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa iyakar desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A kan desibel 100, minti 15 ke nan. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Ko ka gyara gilashinka ya yi daidai, ka riƙa sa abin toshe kunne na soso a doguwar tafiya, matuƙar dokar inda kake ba ta hana ba. Yana rage gajiya fiye da yadda za ka zata.

Ban ga babur ɗinka ba, ban kuma ga zamanka a kansa ba, don haka ba zan iya ce maka ga lambar da za ta yi maka ba. Kuma gaskiya, a kan wasu baburan ana rage marin ne kawai, ba a kashe shi duka. Babu gilashin da zai hana ka jin bugun da tirela ke bari a bayanta, ko iskar da ke tasowa daga gefe a fili. A nan sai dai ka ba da tazara ka rage gudu.

Da ni ne a kan babur ɗinka, zan fara da mayar da gajeren gilashin kamfani, in yi gwajin ɗagowa da duƙawa, in bi da gwajin hannu a kan tanki da bayan madubai. Idan ta sama marin yake zuwa, zan buɗe ƙofar santimita biyu a ƙasan gilashin in gwada, sannan in ƙara washa biyu a notukan ƙasa in sake gwadawa. Sai waɗannan sun gaza zan nemi fiffike. Dogon gilashin kuma kada ka yar da shi, ka sa masa ƙofar ƙasa shi ma ka gani, musamman don lokacin sanyi. Idan ka yi gwajin ɗagowa da duƙawa, ka rubuto mini a wanne ne hular ta yi shiru, da kuma inda leɓen gilashin yake zuwa a fuskarka idan kana zaune.